Tattaki a Ƙasar Getso: Yadda Marka Ke Tare Mana Hanya

Idan mutum ya bar birnin Kano ta Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, to ya doshi Gwarzo ke nan, tafiyar kimanin kilomita 70. Kafin a kai iyakar Jihar Katsina ta wajen Dayi, akwai garuruwa da ƙauyuka masu yawa waɗanda matafiyin mota ba ya sanin komai nasu sai suna. Getso na cikin manyansu. Tana ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, tare da irin su Kutama da Lakwaya da Madadi da Mainika. Kasuwarta ta mako-mako kuwa ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, daga nesa ake zuwa cin ta.

Sai dai ƙasa irin wannan da ƙafa ake saninta. Wanda ya taka ne zai san inda jigawa ta ƙare fadama ta fara, ya san kukar da masu zuwa kasuwa ke hutawa a gindinta, ya kuma san burtalin da ke kai shanu mashaya. Wannan ne ya sa shekara uku da suka wuce wasu ɗaliban sakandare na yankin suka haɗu da malamai uku, ni da nake koyar da Labarin Ƙasa, da abokin aikina na Bayoloji, da wata malama da ke kula da 'yan mata, muka kafa 'yar ƙungiyar tattaki. Ba mu da ofis, ba mu da asusu. Kayan aikinmu littafin rubutu ne da biro da gorar ruwa da sanda. Lokacin karatu muna fita ranar Asabar sau biyu a wata. Lokacin dogon hutu kuma kowace Alhamis, tunda ranar babu Islamiyya. Samari kan yi kilomita shida zuwa goma, 'yan mata kuma su yi zagayen kusa da gari su dawo kafin azahar.

A rani da hunturu abin da ke damunmu bai wuce ƙura da ƙishirwa da ƙarangiya ba. Damina ce ke gwada mu. A bana, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba mun tsara fita takwas. Uku kaɗai muka kammala. Biyu mun juyo daga hanya, uku kuwa ko daga ƙofar gida ba mu tashi ba.

Su da hunturu, mu da marka

'Yan uwa ɗalibai, ƙungiyoyin tattaki ba baƙon abu ba ne a duniya. A Birtaniya akwai wata babba mai suna Ramblers, wadda aka kafa tun 1935, kuma mambobinta na fita ƙauyuka rukuni-rukuni kowane mako. Su ma ruwa na hana su fita, amma nasu ya fi matsa musu ne a lokacin sanyi, wato daga Disamba zuwa Fabrairu. A watannin nan rana ba ta da ƙarfin busar da ƙasa, don haka hanyoyin gonakinsu sukan zama caɓi na tsawon makonni. Watan Fabrairun 2020 ma ya kasance mafi ruwa cikin duk watannin Fabrairu da suka taɓa aunawa.

Mu namu tsarin akasin haka ne. Hunturunmu busasshe ne ƙarau, domin iskar da ke kaɗawa a lokacin daga hamadar Sahara take fitowa, ta arewa maso gabas. Daga watan Mayu zuwa Yuni sai iska mai laima daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ta ture ta zuwa arewa, damina ta faɗi. A watan Agusta wannan iska mai laima ta fi kauri a samanmu, shi ne lokacin da Bahaushe ke kira marka, inda akan wuni a kwana ana mamako, rana ta yi kwanaki ba ta fito sosai ba.

Ga wani abin da kan ba ɗalibaina mamaki a aji. Birnin Landan, da ake yi wa kallon gidan ruwan sama, yana samun kimanin milimita 600 ne a shekara. Kano tana samun fiye da haka, wajen 800 zuwa sama a shekara mai kyau. Bambancin shi ne, nasu yana sauka kaɗan-kaɗan cikin wata goma sha biyu, namu kuwa a wata huɗu zuwa biyar ake juye shi, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku a Agusta kaɗai yake sauka. Shi ya sa ruwanmu yake da ƙarfi, yake kuma da ɓarna.

Abin da ido ke gani

Duk da haka, babu lokacin da ƙasar Getso ta kai damina kyau. Wanda ya san ta a watan Maris, tana fari fat, akuyoyi na kalen kara, ba zai gane ta a Agusta ba. Gero ya fi mutum tsawo ya fara fitar da kai, dawa ta yi duhu, masara ta goya, gyaɗa da waken suya sun rufe kunya. A fadamu ga shinkafa ga rake. Gefen hanya tafasa ce da rama da lalo, waɗanda su ne ke riƙe gidaje da yawa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai iso ba.

Malamin Bayoloji yana son tsayar da mu a gindin gawo. Yakan ce wa yara su dubi sauran itatuwa, kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, kowanne ya yi lif da ganye, amma gawo shi kaɗai ya zubar da nasa. Sai rani ya shigo zai yi kore. Wannan hali nasa ne ya sa manomi ba ya sare shi. Ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma dabbobi su sami 'ya'yansa da inuwarsa, su bar kashinsu a gonar. Duk wanda ya lura zai ga geron gindin gawo ya fi na nesa da shi ƙarfi.

Tsuntsaye ma na da nasu lokacin. Shamuwa ta zo tun farkon damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, kuma da kaka ta gabato za ta kama hanyar kudancin Afirka. Balbela na bin shanu, zalɓe na tsaye a bakin kududdufi, kwaɗi kuwa da magariba ba a jin maganar juna saboda su. Wannan duka darasi ne da babu allon da zai iya ɗauka. Shi ya sa duk fitar da ruwa ya hana mu take mana ciwo.

Ƙasa iri uku, tafiya iri uku

Abu na farko da mai tattakin damina zai koya shi ne karanta ƙasar da yake takawa. Jigawa mai rairayi ba ta da matsala, tana shanye ruwa nan da nan, awa biyu bayan an ɗauke sai ka bi ta ƙafarka ba ta ɓaci ba. Jan gargari kuwa santsi gare shi kamar an shafa sabulu, musamman a gangare. Laka ta fadama ita ce uwa-uba. Tana kama takalmi, kowane taku sai ya ƙara nauyi, silifa kuma nan take take tsinkewa ko ta nutse a bar ta can. Tafiyar da muke yi cikin minti arba'in da rani takan ci awa biyu a marka.

Sannan ga matsalar burtali. Da rani idan hanya ta ɓaci sai a ratsa ta cikin gona. Da damina babu wannan, domin kowane taƙi an shuka shi, kuma ƙa'idarmu ce ba ma taka shukar kowa. Burtalin da ya rage kuwa shi ne hanyar shanu, shi ne hanyar amalanke da babura, shi ne kuma hanyar ruwa. Kofaton dabbobi da tayoyi suna sassauta ƙasar, ruwa ya zo ya kwashe. Shekara da shekaru sai hanyar ta zurfafa ta koma kwazazzabo. Akwai wani wuri da muka auna da igiya a shekararmu ta farko, muka kafa turke a bakinsa. Bana mun tarar turken ya faɗa ciki, ramin ya ci taku huɗu na gonar wani bawan Allah.

Baƙon ruwa

A fitarmu ta biyu cikin Agusta mun nufi wani ƙauye da ke bayan wata ƙorama, domin ganin tsohuwar rijiya da wata maƙera. Gari ya waye garau, babu ko ɗigon ruwa a Getso a daren. Da muka isa mashigin da muka saba haurawa da rani a kan busasshen yashi, sai muka tarar da ruwa ja wur yana gudu yana kumfa, ya ɗauko karan dawa da rassan itace. A bakin gaɓa ga wani dattijo zaune kusa da kekensa, da buhun taki a ɗaure a baya.

Muka gaisa. Ya dubi yaran, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka ce su zauna. Wannan ruwan ba na nan ba ne, baƙo ne, a sama aka yi shi da asuba."

Wani daga cikin samarinmu, wanda ya iya iyo sosai, ya ce, "Baba, ai bai fi ƙugu ba, ni zan iya gwadawa in gani."

Dattijon ya ce, "Ɗana, iyonka na kududdufi ne. Kududdufi yana tsaye ne yana jiranka, wannan kuwa tafiya yake yi, kuma ba ya tambayar sunan kowa. Yashin da ka sani a ƙasa ma ya kwashe shi, inda ka san tudu yanzu rami ne."

Sai ya nuna mana wani kara da ya soke a daidai bakin ruwan tun zuwansa. Ya ce idan ruwa ya ja baya ya bar karan a tudu, to yana janyewa. Idan ya haura shi, a tashi daga wurin ma baki ɗaya. Muka zauna kusan awa biyu muna kallon karan nan. Ruwan ya ja baya kamar taƙi biyu, amma da muka zura doguwar sanda daga gaɓa har yanzu ya haura gwiwa, kuma yana fizgar sandar. Muka yi wa Baba sallama muka juyo. Shi ya ce zai jira la'asar, tunda takin ba ya sauri.

Da muka dawo sai muka mayar da abin lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama yana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. A hekta ɗaya lita 10,000 ke nan. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a marka, kowace hekta ta karɓi lita 500,000, wato jarka mai lita 25 guda 20,000. A Agusta ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan da yawa, saboda haka ragowar sai ta gangara. Ka tara na ɗaruruwan hektoci a ƙorama guda mai faɗin taku goma, ka ga dalilin da ya sa take cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake tsaye ba. Kuma ruwa yana da nauyi: lita dubu tan ɗaya ce. Masana kiyaye haɗurra sun yi gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ƙarfi, ko da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Ina ruwan yake zuwa?

Ƙoramun yankin nan mafi yawansu kogin Challawa suke ciyarwa. A kan wasunsu an gina ƙananan madatsun ruwa da mutanen Gwarzo da Kabo suka sani, irin su Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi. A maƙwabciyarmu Karaye kuma akwai babbar madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Daga nan Challawa ta haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, ya shiga Jihar Jigawa, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Wato ruwan da ya hana mu zuwa maƙera, wataƙila wani masunci ne a Nguru zai jefa taru a cikinsa bayan makonni. Idan kuma ya yi yawa, shi ne zai shiga gonakin shinkafar mutanen Auyo da Haɗeja.

Bakin madatsa wuri ne da yara ke so, amma a marka mun cire shi daga jerin wuraren zuwanmu. Ruwa ya cika ya rufe ramukan da aka sani, gaɓa ta jiƙe tana iya zabtarewa. Tarihin jiharmu ma ya isa wa'azi. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje. A ƙarshen Nuwamban 2021 kuma jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutane da dama suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. A 2022 ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu. Waɗannan ba labaran nesa ba ne.

Hadarin gabas

Fita ta biyu da muka katse, hadari ne ya kore mu. A ƙasar Hausa manyan hadura daga gabas suke tasowa, kuma suna da alamu. Gari zai yi zafi ya yi tsit, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska mai sanyi ta taso da ƙarfi. Daga wannan iska zuwa saukar ruwa sau da yawa 'yan mintuna ne.

Abin tsoro a nan aradu ce. Mun koya wa kowane ɗan ƙungiya ƙirga tazara. Haske yana isowa nan take, amma ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga har ka ji tsawa, ka raba da uku, ka sami nisan a kilomita. Idan ƙirgarka ba ta kai talatin ba, kana cikin haɗari, ka nemi gini. Kada ka fake a gindin doguwar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a fili, ko da kuwa ita ce kukar da kowa ke hutawa a ƙarƙashinta. Kada ka tsaya a kan tudu ko dutse ko cikin ruwa. A ranar mun samu shiga zauren wani mai unguwa kafin ruwan ya sauko. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo gasasshiyar masara, muka yi awa uku muna jin labarin yunwar 1973 daga bakin waɗanda suka gan ta. Wani tsoho ya ce mana duk wanda ya ga wannan shekarar ba zai taɓa zagin ruwan sama ba, ko da ya rushe masa katanga.

Akwai kuma haɗurran da ba su da ƙara. Ciyawa ta yi tsawo, ramuka sun cika da ruwa, macizai irin su kububuwa da kasa sun fito tudu. Shi ya sa muke tafiya a layi, na gaba yana kaɗa sanda, kuma ba ma yarda da silifa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Wanka a kududdufi da bakin madatsa kuma shi ke kawo tsargiya, domin ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon-koɗi na cikin ruwa ta shiga ta fata. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa, akwai maganinta a asibiti.

Zaman da aka yi da iyaye

Bayan juyowar nan biyu sai magana ta tashi a gari. Wasu iyaye suka ce a dakatar da tattakin kwata-kwata. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Na farko, rai ba shi da na biyu. Na biyu, damina lokacin aiki ce, ga maimai ga huɗa ga zuba taki, yaron da ya tafi kallon tsuntsu hannu ɗaya ne ya ragu a gona. Wani uba ya ce mini, "Malam, mu tafiyar ƙafa ba wasa ba ce a wurinmu, dole ce. Ku ne kuka mayar da ita karatu."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ce ta sauya mana alƙibla. Mu idan ƙorama ta cika sai mu koma gida mu jira wata Alhamis. Amma akwai waɗanda ba su da wannan zaɓi. A cikin ɗalibanmu akwai masu zuwa daga ƙauyukan bayan ƙorama, waɗanda a watan Yuli, daidai lokacin jarabawar zango na uku, sukan tsaya a gaɓa da litattafai a ka suna jiran ruwa ya janye. Wani ya iso an gama takarda ta farko. Akwai mai naƙuda da ake ɗorawa a amalanke a zagaya da ita doguwar hanya. Akwai manomin da ya ɗaure akuya zai kai kasuwar Getso don ya sayi taki, ruwa ya tare shi har kasuwa ta watse.

Saboda haka muka roƙi iyaye su bar mu mu ci gaba bisa sharuɗɗa, kuma tafiyar tamu ta zama mai amfani ga gari. Aikin da muka ɗauka shi ne zana taswirar mashigai. Duk inda hanyar ƙafa ta ratsa ƙorama ko kwazazzabo a zagayen da muke bi, muna rubuta wurin, mu tambayi mutanen kusa awa nawa ruwa kan ɗauka kafin ya janye, ɗalibai nawa ke bi ta nan, da kuma wace hanya ce ta zagaye. Zuwa yanzu mun rubuta mashigai tara. Idan mun kammala za mu miƙa wa dagatai da shugabannin al'umma, domin in an tashi neman kwalbati ko ƙaramar gada a san inda buƙata ta fi tsanani. Yawancin iyayen sun amince. Gida biyu sun ce 'ya'yansu sai kaka, kuma mun girmama hakan.

Sharuɗɗan da muka amince da su

Ga duk makarantar da ke son kafa irin wannan ƙungiya, ga abin da muka tsayar. Ba a fita sai da izinin iyaye da kuma malami a gaba da wani a baya. Ana sanar da dagaci ko mai unguwar inda za a je tun kwana biyu kafin ranar, kuma ba a zuwa wurin da suka ce kada a je. Ana sauraron hasashen Hukumar NiMet a rediyo, a kuma tambayi dattawa. Idan an yi ruwa mai yawa cikin dare, an fasa. Ana tashi da hantsi a dawo kafin azahar, tunda hadari ya fi tasowa da yamma. Ba a shiga ruwa mai gudu da ya haura idon sawu, komai iya iyon mutum. A marka ana zaɓar hanyoyin jigawa, a bar fadama da bakin madatsa sai bayan ruwa ya ɗauke. Kuma idan malami ya ce a juya, an juya, babu gardama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranar da ba a fita ba ma ba ta tafiya a banza. Kowane ɗan ƙungiya yanzu yana da ma'aunin ruwan sama a gida, kuma kai ma za ka iya yin naka. Ka sami gwangwani ko roba mai miƙaƙƙen jiki, wadda faɗin bakinta daidai yake da na gindinta, gindin kuma shimfiɗaɗɗe. Ka ajiye ta a fili nesa da indararo da bishiya, a kan wani abu mai ɗan tsawo, ka tokare ta don kada iska ta kayar. Kowace safiya a lokaci guda ka zura rula ka karanta zurfin ruwan a milimita, ka rubuta, ka zubar. Da muka haɗa littattafanmu mun ga abin mamaki: a dare ɗaya wani ya sami ruwa mai yawa, wani da ke nisan kilomita biyar ya sami yayyafi kawai. Wannan ya ƙara fahimtar da yaran abin da Baba mai keke yake nufi da baƙon ruwa.

Yanzu marka ta wuce, agazari ya shigo, an fara cin tumu. Nan da 'yan makonni ƙoramu za su koma yashi, a girbe gero a buɗe hanyoyi, shamuwa ta yi sallama. Daga Oktoba zuwa Fabrairu shi ne lokacin doguwar tafiya, kuma maƙerar nan da tsohuwar rijiya suna nan a saman jerinmu. Ɗaliban Kabo da Karaye da Rimin Gado da Shanono, ku ma akwai mashigai a garuruwanku da 'yan uwanku ke tsayawa a bakinsu kowace damina. Ku nemi malami ɗaya da zai tsaya muku, ku ɗauki littafi da biro, ku fara rubuta su tun ƙasa tana bushe. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kai mu wata daminar lafiya.